Rabon Ado

…to nan zan dasa gambar iyaka, ko in matsa wajen gawo? In na matsa, na ci rabon ɗana Mahaman, kuma zai gani. Duk suna gani.

Gonar nan babana ya bar mana, daga hanyar Safo har gangaren tabki. Muka raba da ƙannena. Yau ni ma ina rabawa da raina, don kar a yi faɗa a kan kabarina. Har na gama da yayyenka da 'yan'uwanka mata su Maryama, Ado, sai ga muryarka a salula daga Italiya: «Baba, kar a cire ni. An yi zaɓe, ƙila a koro mu.»

Koro ku? Wa zai juya tsohon da kake jinya, wa zai ba shi ruwa? Kai ka ce ɗansa ɗaya ne, shi ma yana birni da kare. Ka ce gonar inabinsu ta zama daji, lakwal, makarantar ƙauyen, an rufe, babu yara. Babu yara! Ni da na yi aikin mushe, malamin makaranta, a Madarumfa, yara har kan taga, wasu a ƙasa, littafi a gwiwa…

Alli a hannu. «Ku duba allo. Jama'armu kamar bukka take, gindi faɗi, sama tsini. Ta Turawa kamar tulu, ƙasa a tsuke.» Su yi dariya, a kaɗa ƙararrawa. Ashe zanen nan gonata nake zanawa.

Su ma ai sun yi tamu. Na koyar da tarihinsu: haihuwa rututu, gona ta kasa, sarakuna, mai kama-karya, yaƙi. Sai suka zuba rarar 'ya'yansu a jiragen ruwa zuwa Amurka, aka karɓe su. Mu tamu rarar sai hamada da kwalekwalen roba. Ba na jin haushi. Lokaci ne, sun riga mu isa, suka ja ƙofa.

Nan kuwa — kiɗan soja a rediyo da hantsi, mu san an sake juyin mulki. Soja, farar hula, soja… kowa ya zo ya ce mun yi yawa, ko ya ce yawanmu ne ƙarfinmu. Gonar ba ta ƙaru da taki ɗaya ba. Amma dai ba wanda ya taɓa korata daga cikinta. Can ba bindiga, ba kiɗa, tsofaffi ne kawai suka bi layi suka jefa ƙuri'a, ɗana ya zama abin kora.

Gambar na bushewa a hannuna. Hadari ya fara haɗowa ta gabas, Mahaman na jiran iyaka ya yi shuka.

To in na yanka maka, Ado? Daga nan zuwa can. Shanun huɗa ba za su iya juyawa a ciki ba. Ga matarka Tani, ga yaranka, ga cikin da ka bari. Haƙƙinka ne, na sani, ni na haife ka. Kullum bayan salla uwarka na roƙon Allah Ya dawo da kai, ni ma ina cewa amin, ina…

Me nake cewa ne? Tun da saƙon nan ya zo, a sujada, me nake roƙo?

Allah Ka ja kwanan tsohon nan da yake jinya. Allah Ka sa su riƙe shi.

Su riƙe min ɗana…

Bari in zauna tukuna.