Mai Cin Gajiya

Yarinyar da ke teburin rajista ba ta ko tambayi sunansa ba. Ta dubi keken guragun da yake kai, ta dubi ƙafafunsa da ke naɗe a kan katakon gaba, ta zaro koren kati ta rataya masa a wuya da hannunta, tana irin murmushin da ake yi wa majinyaci. Auta, ƙaninsa, shi aka miƙa wa shuɗin kati, aka kuma ce ya sa hannu.

Mai Walda, kamar yadda ake kiransa, ya juya katin. Karatunsa bai yi nisa ba, amma yana haɗa baƙi. A sama Turanci ne, a ƙasa an fassara: Mai cin gajiya. Ya leƙa wuyan Auta, nasa an rubuta Jagoran canji.

"Auta, mene ne wannan?"

"Launi ne kawai, Yaya. Don a san inda kowa zai zauna. Mu shiga, an fara."

Ya bi shi, don ba rigimar kati ta kawo shi ba. Shekara bakwai ke nan yana ƙera kekunan guragu a wata rumfar kwano a bakin titi, da bututun ruwa da aka yar da tayoyin tsofaffin kekuna. Na farko don kansa ya yi, ranar da ya gaji da jiran mai goya shi. Yanzu ana faɗaɗa titi, an zo an shafa wa rumfar jan fenti, saura kwana goma sha ɗaya katafila ta iso. Auta ne ya gani a waya cewa za a yi taron matasa masu kawo canji, kuma mutum uku da suka yi fice za a ba su wurin aiki kyauta na shekara biyu. Shi ya cike fom ɗin, tunda shi ne mai digiri. Da tartsatsin walda aka yi digirin, amma wannan ba maganar da ake yi a gida ba ce.

Ɗakin taron otel ɗin sanyi kamar cikin firji. Matasa cike, kowa da kwat, kowa da waya a ɗage. Wani mai makirufo yana ta tsalle yana cewa kowa ya juya ya faɗa wa maƙwabcinsa shi ne gobe. Aka yi tafi sau uku, aka buga ƙafa sau uku. Sannan aka raba ƙananan takardu masu launi, kowa ya rubuta matsalar al'umma ya manna a bango. Kafin a kawo shayi an manne talauci, da jahilci, da rashin ruwa, duk sun zauna lafiya a jere. Kalma ɗaya ce ta Turanci ke yawo a bakin kowa, inobeshan, wai ƙirƙira, ana juya ta kamar alewa.

Masu koren kati an jera su a gefe, kusa da ƙofa. Dattijuwar da ke kusa da shi, wadda aka kawo don an ba ta murhu mai cin gawayi kaɗan, ta dafa ƙarfen kekensa.

"Ɗana, kai wannan suka ba ka?"

"Ni na ƙera shi, Iya."

"Madalla. Allah Ya sa su ƙaro maka wani," in ji ta, ta mai da hankalinta kan biskit.

Can sai ga shugabar shirin, doguwar mace mai saurin magana, da takarda a hannu. Ta durƙusa a gabansa har gwiwarta na taɓa kafet, abin da ya lura ba ta yi wa kowa ba.

"Malam, sannu da ƙoƙari. Idan jagoranka ya gama bayani za a ba ka makirufo. Magana biyu kawai. Ka ce, kafin wannan keke rarrafe nake yi, yanzu na samu 'yanci. Sai ka gode masa. In hawaye ya zo kada ka hana shi, alƙalai suna son gaskiya."

"Wane ne jagorana?"

Ta yi dariya, ta ɗauka barkwanci ne, ta wuce wurin dattijuwar.

A lungun da ke kaiwa banɗaki ya tare Auta. Ya gitta keken ya rufe hanya, yadda yake yi masa tun yana ƙarami in ya ƙi zuwa makaranta.

"Faɗa mini abin da ka rubuta a takardar nan."

Auta ya gyara wuyan rigarsa. "Yaya, gurbi biyu ne a fom ɗin. Jagora sai mai takardar makaranta, wanda zai iya bayani da Turanci minti uku. Sannan dole a zo da mai cin gajiya ɗaya, shaida. Ya zan yi?"

"Mutum arba'in da bakwai ke kan kekena a garin nan. Ba ka ga ko ɗaya ba sai ni?"

"Na ga gara mu shigo mu biyu. In na sa wani, kai a waje za ka tsaya."

"To me ka ce ni ne a wurinka?"

Auta ya dubi tayal ɗin ƙasa. "Na ce da kai muka fara gwadawa."

Ba ƙaryar ce ta fi yi wa Mai Walda ciwo ba, yadda ta zauna daidai ne. Ba wanda ya yi shakka, ko mutum ɗaya. An ga gurgu a kan keke, an ga saurayi da kwat, lissafi ya fita.

"Gajiyar dai tawa ce, Auta," ya ce. "Cin ne har yanzu ban gani ba."

"Yaya, don Allah. Rumfa muke nema ko suna? In ka tona yanzu korar mu za su yi gaba ɗaya. Kwana goma sha ɗaya fa. Ina za ka kai injin? Ɗakin Anti?"

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta ƙara ɓata wa Mai Walda rai. Ya tuna matarsa, wadda Auta ke kira Anti, da safe tana goge masa ƙarfen keke da tsumma, tana cewa ya zauna da kyau in za a ɗauki hoto. Ya ja da baya ya ba Auta hanya.

Su ne na tara a jerin masu bayani. Dandamalin matakala huɗu gare shi, ba gangara. Taron da aka manna haƙƙin naƙasassu a bangonsa har wuri biyar, ba wanda ya tuna da katako guda. Samari huɗu suka taso suka ɗaga shi da keken gaba ɗaya, suna nishi suna dariya, ɗaya ya kama ta wurin birki. Ya so ya ce masa ba nan ake kamawa ba, ya fasa. Jama'a suka yi tafi, bai san ko shi ake yi wa ko masu ɗaukar ba.

Auta ya iya baki, wannan ba a ƙwace masa. Turanci na zuba, hotuna na wucewa a farin allo. Ga rumfar. Ga Auta riƙe da tef ɗin awo, ranar da ya zo karɓar kuɗin mota. Ga wasu hannaye baƙaƙe riƙe da tsinken walda, fuskar mai su a rufe da gilashi. Mai Walda ya dubi hannayensa a kan allo, manya, kowane tabon ƙuna ya san ranarsa.

Cikin alƙalan akwai wani dattijo mai furfura, an ce injiniya ne. Ya taso ya zagaya keken, ya tsuguna, ya shafa inda aka haɗa ƙarfe da ƙarfe. Ya yi tambayarsa da Hausa, a hankali.

"Samari, me ya sa kujerar ta kwanta baya haka? Na ga ba kuskure ba ne."

Auta ya yi murmushi, ya ce bincike ne ya nuna. Dattijon ya ce wane bincike. Auta ya ce na jin daɗin mai amfani da shi, ya ƙara da wata kalmar Turanci mai tsawo.

Amsar tana bakin Mai Walda. Wanda ƙafarsa ba ta tokare ƙasa, in ya ja birki a gangara, gaba yake zamewa ya sha ƙasa da baki. Shi kansa haƙoransa biyu na gaba can ya bar su a gangaren kasuwa, shekara shida da suka wuce, washegari ya yanke kujerar ya kwantar da ita yatsa uku. Yatsa biyu bai isa ba, huɗu kuma kafaɗa ke ciwo. Daidai lokacin aka sa masa makirufo a hannu. Dattijon ya juyo yana dubansa, irin duban wanda ya fara zargin wani abu. Auta ma yana dubansa, gumi na bin kuncinsa duk da sanyin ɗakin. A ƙasa shugabar shirin ta ɗaga yatsu biyu.

"Kafin wannan keke," in ji Mai Walda, "rarrafe nake yi."

Ya yi niyyar ko za a yanka shi ba zai ba su hawayen ba, amma baƙin ciki bai nemi izininsa ba, sai ga shi yana gangarowa. Ya ƙarasa sauran da ƙyar, ya gode wa jagoransa. Ɗakin ya miƙe tsaye. Wata a layin gaba tana share ido da gefen mayafi, wayoyi duk sun juyo kansa. Dattijon ya ɗan jima a tsaye, sannan ya koma kujerarsa ya yi rubutu.

Su suka zo na biyu.

Bayan an gama hotuna, an sauko da shi yadda aka hau da shi, ya tura keken har gaban shugabar shirin. Zuciyarsa ta ɗan yi sanyi. In dai akwai rufi da wuta, sauran duk ya haɗiye.

"Ranki ya daɗe, wurin nan da za a ba mu, wutarsa za ta ja injin walda?"

"Injin me?"

"Walda. Da na yankan ƙarfe."

"Ayya, a'a. Cibiyar ƙirƙira ce, hawa na uku, duk kafet. Akwai tebur, da intanet, da shayi kyauta, da masu ba da shawara duk ranar Laraba. Wurin tunani ne, Malam, ba a ko ɗaga murya." Ta dafa kafaɗarsa. "Katin shiga na jagora ne, amma kai ma kana iya kawo ziyara. Lif ɗin hawa benen dai ana kan gyara."

Ya juya ya nemi idon Auta. Auta na rungume da allon lambar yabo, fuskarsa ba ta nuna mamaki ba. A nan Mai Walda ya gane ya sani tun ranar da ya cike fom.

"Yaya, daga irin wurin nan ake haɗuwa da manya. Wata shida kawai ka ba ni."

"Kwana goma sha ɗaya ne da ni."

"Za mu san yadda za a yi. Ka jira, akwai liyafa, za a ƙara hoto da baƙi."

Bai jira ba. Ya murza feda da hannu ya fita ta ƙofar gilashi, zafin la'asar ya buge shi, ya ji daɗinsa. A bakin get mai gadi ya tare shi, wani magidanci mai kaki da ya koɗe. Ya ce ta taga ya kalli komai, har shi ma sai da ya yi ƙwalla.

"Yaron nan Allah Ya yi masa albarka. Ka riƙe shi da kyau, irinsu ba su da yawa." Ya rage murya. "Ina da 'ya, shekararta goma sha biyu, uwarta ke goya ta zuwa makaranta, yanzu ta yi mata nauyi. Ko za ka taimaka mini da lambarsa?"

Mai Walda ya karanto masa lambar Auta, ɗaya bayan ɗaya, har da maimaitawa. Ya ji wani mugun daɗi yana yi. A kira jagora, ya zo ya kama tsinken walda, a gani. Ya murza ya fita titi.

Bai kai kwanar farko ba ya ja birki. Shekara goma sha biyu a bayan uwa, ya san nauyin, ya kuma san kunyar. Ya yi tsaki, ya juya keken ya dawo, ya laluba aljihun gefe ya zaro tef ɗin awonsa.

"Malam, yarinyar nan, hannayenta duka biyu suna da ƙarfi? In gidanku ba nisa, mu je in auna ta yanzu. Daga ƙugu zuwa gwiwa, da faɗin zama, shi ke nan. Kafin sati in Allah Ya so ta hau."

Mai gadin ya dubi tef ɗin, ya dubi Mai Walda, ya yi murmushi cikin ladabi don kada ya ɓata masa rai.

"Na gode, wallahi na gode. Amma bar shi kawai. Gara shi mai aikin ya auna da kansa, kada a samu kuskure."