Faifan da Ke Cikin Gafaka

Ashafa ya cire murfin gaban sabar, babbar kwamfutar ajiya, ya ga rami a inda faifai na biyu ya kamata ya kasance. Ya zura yatsa ciki. Ƙura ce kawai, ta yi kauri, ba ta jiya ko shekaranjiya ba. Faifan da ya rage yana ta ƙas-ƙas, kamar tsohon da ke taunar ƙashi.

Shekara uku ke nan da ya kafa na'urar a wannan ɗaki maras taga, bayan zauren surukinsa Malam Mustafa a Madabo, don adana hotunan littattafan gidan, rubutun hannun da kakannin Malam suka zo da shi daga Borno. Faifai biyu ya sa, madubin juna: duk abin da aka rubuta a ɗaya, kwantirola, mai kula da faifan biyu, ta rubuta shi a ɗayan, in ɗaya ya mutu ɗaya ya riƙe. Da soron littattafai ya rufta a daminar bara, rabin takardun suka koma kunu, dangi suka yi ta hamdala cewa akwai su a kwamfuta. Har addu'a aka yi wa Ashafa.

Malam ya shigo yana dogara sanda, ya zauna a kan buzu bakin ƙofa, ya tare hanya.

"Malam Ashafa, an ce tana kuka."

"Baba, faifai ɗaya ba ya nan."

"Ni na cire. Yana Kabara gidan ƙanwata Bintu, cikin gafaka, a ƙasan adaka."

"Tun yaushe, Baba?"

"Wata biyu da kafawa. Ai kai ka nuna mini. Ka zare shi a gabana tana aiki, ka ce ba abin da zai ɓace." Malam ya yi tari. "Wa ya taɓa ajiye kwafi da asali a ɗaki ɗaya? Wuta ɗaya, ruwa ɗaya, gara ɗaya. Ko ku a bokonku ba a koya muku wannan?"

An koya musu. Abin haushin ke nan. Maganar tsohon daidai take, aikinsa ne kawai ya kashe su. Kuma mutum ba ya duban uban matarsa ya ce masa ya yi ɓarna. Balle Ashafa ya san nasa kason. Manhajar kwantirolar tsohuwa ce, tana ihun ƙarya duk sanda aka ɗauke wuta, ana tsakiyar karatu. Maimakon ya sabunta ta, sai ya kashe ƙarar, ya ce zai dawo sati mai zuwa. Satin bai zo ba. Kusan shekara uku na'urar tana kururuwa da bakin da shi ya toshe.

Ya duba hanyoyin da suka rage, kowace ya taɓa ya ji bango. Sabon faifan da ke jakarsa, tsohuwar manhaja ba ta san irinsa ba. Sabunta ta sai an kashe an kunna, faifan da ke wannan ƙas-ƙas kuwa in ya kwanta ba lallai ya tashi ba. In an ɗauko na Kabara a mayar, sai an karance maras lafiyan kaf kafin madubin ya cika, aikin wuni guda, shi kuwa da kyar in zai kai la'asar.

"In aika a ɗauko?" in ji Malam.

"A bar shi can, Baba. Aikin wata biyu ne kawai a cikinsa, amma lafiyarsa ƙalau."

"To na sauran watannin fa?"

Ashafa ya nuna faifan da haɓa. Malam ya daɗe yana sauraren ƙas-ƙas ɗinsa, kai a karkace, yadda yake sauraren ɗalibin da ya san zai kakare.

"Zan kwashe abin da na samu zuwa ƙaramin faifai," in ji Ashafa, yana jona waya. "Ɗaya bayan ɗaya. Ban san inda zai tsaya ba. Sai ka faɗa mini wanda za a fara da shi."

"Guda nawa ne waɗanda takardarsu ta tafi?"

"Arba'in da ɗaya."

"Karanto."

Ya fara karantowa. Sharhin kakan Malam a kan nahawu. Malam ya ce wuce. Waƙoƙin wa'azi na ajami. Wuce. Littafin rabon gado mai gefen rubutun mahaifinsa. Malam ya ce wuce. Gumi ya jiƙa wa Ashafa riga.

"Baba, waɗannan su ne manyan."

"Waɗannan suna kaina. Fara da wanda ban haddace ba."

Ashafa ya dube shi: shekara tamanin da biyu, idon hagu ya yi fari, ƙirji na kuka tun sanyin bana. Ya zaɓi na goma sha bakwai, wasu wasiƙun fatake da babu wanda ya taɓa karantawa, ya danna. Layin kwafi ya fara rarrafe.

Malam ya jingina sanda da bango, ya gyara zama.

"Kunna abin ɗaukar maganar wayarka," ya ce. "Ka matso da ita kusa. Muryar ba ta fita sosai."