Rakiya Zuwa Kwanar Ɗangora

Tun kafin ya ga motar ya ji rurinta a bayansa. Bilya ya damƙe birki da hannu biyu, tayar baya ta ja ƙasa, ya sauka daga titi ya faɗa gefen wata gonar albasa, ƙafa ɗaya cikin taɓo. Babbar motar ta wuce da kwandunan tumatir jibge har sama, ba ta ko matso kusa da shi ba. Masu lodin da ke zaune a kan kayan suka yi masa ihu suna dariya.

Ya daɗe a tsaye yana riƙe da keken. Ruwan kanal yana gudu a gefensa kamar kullum. Yau ne ya fara hawa keken tun ranar da abin ya faru.

'Yan watanni suka rage a yi gasar, can a Afirka ta Kudu. Gasa ce da mutanen Kura suka kasa gane amfaninta: mutum ya yi ninkaya a teku har kafaɗu su mutu, ya fito ya hau keke ya yi tafiyar da ta kusa ta Kano zuwa Katsina, sannan ya jingine keken ya kama gudu da ƙafa har rana ta faɗi. Luke ne ya zo da maganar. Makanike ne a kamfanin casar shinkafar da Bilya yake aikin awo, mutumin Pankshin can wajen Jos, wanda ya taɓa yi wa jiharsa tseren keke yana saurayi. Shi kuwa Bilya a kanal ya girma, ya iya ruwa tun bai iya karatu ba. Sai suka yi musaya. Bilya ya koya wa Luke numfashi a cikin ruwa, Luke ya koya masa zaman sirdi da canjin giya da haƙurin doguwar hanya. Alhajin da ke da kamfanin ya yi musu dariya shekara guda, daga baya ya ce zai ɗauki nauyinsu.

Wata Asabar a hanyar Bunkure, Luke yana gaba yana tare iska, Bilya yana manne da tayarsa, wata motar tumatir ta kauce wa rami ta banke su. Bilya ya tashi da ƙujewa a gwiwar hannu. Luke bai tashi ba. Likitocin Kano suka ce lakarsa ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa sai dai ikon Allah.

Da safen nan Kubra, matar Bilya, ta tarar da shi a zaure yana ba taya iska.

"Abban Sada, keken za ka hau?"

"Yau za a tafi da Luke gida. Sallama zan yi masa."

"Adaidaita sahu ta ƙare a garin?"

Ya ci gaba da ba tayar iska. Ta tsaya kallonsa da tsintsiya a hannu, sannan ta ce, "Ni dai duk sanda na ga matarsa, kaina nake gani." Ta koma ciki.

Yanzu Bilya ya zaro ƙafarsa daga taɓon, ya tura keken har ya bar titin manyan motoci, sannan ya hau ya bi lunguna zuwa gidan hayar Luke a bayan kamfanin.

An riga an kwashe kayan ɗakin. Veronica, matar Luke, tana tsakar gida tana ɗaure tukwane a cikin zane, 'yarsu Fortune tuni an tura ta wurin kakarta. A ƙofar gida motar haya tana jira, an kwantar da kujerunta na baya an shimfiɗa katifa.

"Sannu da aiki, Maman Fortune."

Ta ɗago ta dubi hular kwanon da ke kansa da matsattsen wandon tsere, sannan ta nuna masa ɗakin da haɓa.

Luke yana kwance rigingine, an rufa masa zane zuwa ƙirji. Gemu ya fito masa, har da furfura.

"Da keke ka zo," in ji shi. "Tun daga kwanar masallaci na ji kukan sarƙarka. Ba ka sa mata mai ba."

Bilya ya yi murmushi ya durƙusa kusa da katifar. Duk zuwan da ya yi asibiti, Luke bai taɓa ambaton keke ba, shi ma bai taɓa ba. Ya ɗauka yau ƙofar ta buɗe.

"Zan sa mata, Koc," ya ce, sunan da yake kiransa da shi tun da ya fara horar da shi.

"Ni ma an ce za a samo mini keke a Jos. Irin wanda ba ya buƙatar ƙafa."

Murmushin Bilya ya bushe. Ya cire hular ya ajiye a ƙasa, ya yi ta juya ta da yatsa.

"Alhaji ya kira ni jiya. Ya ce alkawarinsa yana nan, in har ina so in je. Na ce masa sai na ji daga bakinka."

Luke ya zuba wa rufin ɗakin ido. Daga kamfanin ana jiyo injin casa yana aiki, wani ne yanzu yake kula da shi.

"Me kake so in ce maka? In ce je ka, ka yi domina? A fim ake faɗin haka." Ya juyo ya dube shi. "Bilya, ba zan yi maka ƙarya ba. In na ji ka tafi, ba zan yi murna ba. In na ji ka fasa, shi ma ba zan yi murna ba. Ba ka yi mini komai ba, na sani. Amma da ka shigo yanzu a tsaye kan ƙafafunka, cikin wannan wandon, wani abu ya taso mini a zuciya wanda nake roƙon Allah ya gafarta mini shi."

"Ka yi haƙuri. Da na sani da na sa doguwar riga."

"Ba wandon ba ne."

Direba ya leƙo ya ce rana tana yi. Su uku suka ɗauke shi, direban a kafaɗu, Veronica tana tallafe da bayansa, Bilya a ƙafafu. A nan ne ya kusa sakin kuka. Ya san ƙafafun nan fiye da nasa, ya shekara biyu yana kallonsu daga baya suna hawa da sauka, sharaɓa kamar an dunƙule igiya. Yanzu sun zama kamar kara, sanyi ƙalau, ba nauyi, suna lilo a hannunsa.

Aka shigar da shi ta ƙofar baya, kai a gaba, aka tokare shi da matasai. Veronica ta roƙi direban ya tafi a hankali saboda ramuka. Ta juyo wurin Bilya.

"Ka gaida Kubra. Ka ce mata na gode da abincin da ta yi ta aikowa."

"Za ta ji. Allah ya kiyaye hanya."

Motar ta tashi. Bilya ya tsaya a ƙofar gidan da babu kowa a ciki, da hula a hannu. Bai yi shawara da kansa ba. Ya dai ga ya ɗaura hular, ya ga ƙafarsa a kan feda.

Ya cim musu a bakin babban titin Zariya. Direban yana tafiya sannu kamar yadda aka roƙe shi, amma sannun mota gudu ne ga keke. Bilya ya sunkuya ya sa babbar giya. Zafin bazara yana tasowa daga kwalta yana dukan fuska. Gonakin shinkafa suna wucewa dama da hagu, kore shar, mata suna tsinkar tumatir can nesa. Gilashin bayan motar yana ɗaukar ido, ba ya ganin komai a ciki sai rana.

A Kwanar Gafan, inda ake lodin tumatir, manyan motoci sun cika gefen titi, wasu na shiga wasu na fita. Wata ta taho a bayansa tana danna oda. Yatsunsa suka kai kan birki. Amma in ya tsaya motar su Luke za ta ɓace masa. Ya runtse ido ɗaya, ya karanta abin da ya zo bakinsa, ya ci gaba da taka feda. Iskar motar ta hankaɗa shi, ya yi tangal-tangal, ya daidaita.

Bayan Ciromawa ruwan gorarsa ya ƙare. Wata biyun da ya yi bai hau ba suka fara karɓar hakkinsu: cinyoyi suna wuta, gwiwar hagu tana suka. Motar ta yi masa nisa, ta zama ɗigo, ta ɓace a wata kwana. Bai tsaya ba.

A Kwanar Ɗangora, inda hanyar Jos ta rabu, ya same su a gidan mai. Veronica ta buɗe ƙofar baya don iska ta shiga, tana yi wa mijinta fifita da kwali. Da ta ga Bilya ya tsaya yana haki, gishirin gumi ya yi fari a rigarsa, sai ta dafe ƙirji.

"Yesu! Bilya, tun daga Kura?"

Ta miƙa masa ruwan leda. Ya sha rabi, ya zuba rabi a wuya. Luke yana kwance idonsa a rufe, Bilya ya ɗauka barci yake yi. Ya matsa don ya dube shi sau ɗaya kafin a rufe ƙofar.

"Sirdinka ya yi ƙasa," in ji Luke, bai buɗe ido ba. "Ta gilashin baya na gan ka, gwiwarka ta hagu tana fita waje. In ka yi doguwar tafiya a haka, kafin ka kai ga gudun ƙafa ta mutu."

"To, Koc."

"Ka ɗaga shi kamar faɗin yatsa." Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya shiga kunne. Ya juya fuskarsa wajen bangon motar. "Koma gida. Kada ka ƙara biyo mu. Abin da ka yanke kuma, kada ka kira ni ka gaya mini."

Direba ya rufe ƙofar. Motar ta karya hagu ta ɗauki hanyar Tudun Wada, Bilya yana kallonta har wata tirela ta shiga tsakaninsu.

A ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya akwai wani dattijo mai facin taya. Bilya ya tura keken wurinsa, ya yi sallama, ya ari sifana. Ya kwance sirdin, ya gwada yatsansa a jikin ƙarfen, ya ɗaga, ya ɗaure. Dattijon ya ɗiga masa baƙin mai a sarƙa ba tare da an roƙe shi ba, yana kallon siraran tayoyin yana girgiza kai.

"Samari, ina za ka da wannan a tsakar ranar nan?"

"Kura, Baba."

"Kura? Kai kaɗai?"

Bilya ya dubi titin. Manyan motoci suna ta gangarowa daga Zariya, ɗaya bayan ɗaya.

"Ni kaɗai," ya ce, ya ɗora ƙafa a kan feda.