Shara a Rumbun Hotuna

"Anti, hotunan suna ɓacewa!"

Auta ta toshe ɗaya kunnen da yatsa, don bakanike na dukan wani ƙarfe a bayanta kamar ya kama ɓarawo. "Waɗanne hotuna, Dogo? Yi magana a hankali."

"Na marasa lafiya. Daga asibiti suka bugo, wai suna buɗe fayil ɗin mutum sai su ga wayam. Na duba rumbu, wallahi lambar yawan hotunan sauka take yi a kan idona."

Ƙaramin kamfaninta, ita da Dogo ɗan yayarta da wata mai amsa waya, aiki ɗaya ne ke riƙe da shi: manhajar da wani asibitin ɗaukar hoton ƙashi da na ciki ke adana hotunan marasa lafiyarsa. Hotunan shekara da shekaru ne a rumbun nan. In suka tafi, ba wanda zai iya kiran ƙafar da ta karye bara ta dawo a sake ɗaukarta.

Ga shi kuma ba ta ofis. Tana garejin gyaran mota a can ƙarshen gari, ta rako Baba, wanda tsohuwar motarsa ta mace musu a hanya. Motar na ɗage a kan jak, ba taya ɗaya, mai na ɗiga a cikin wani gwangwani.

Ta fizgo jakarta daga kujerar baya, ta zaro kwamfuta, ta ture wasu sifanu daga kan bencin bakanike ta ɗora ta.

"Hajiya, wurin nan duk baƙin mai ne fa," in ji bakaniken.

"Bar shi, Malam, in ta yi baƙi ma wanke."

Baba na zaune a kan wata tsohuwar taya, ya ɗora hula a gwiwa yana fifita da kwali. "Uwata, lafiya? Fuskarki ta canja."

"Aiki ne, Baba. Ina zuwa."

Ta jona kwamfutar da datar wayarta. Injinan da manhajar ke zaune a kansu haya suke yi a wata ƙasa mai nisa, ko Auta ba ta taɓa ganinsu da ido ba. Guda biyu ne: injin gaske, wanda asibiti ke aiki da shi, da injin gwaji, inda suke wasa da sabon abu kafin su sake shi. Ba sa shiga injinan da hannu. Suna da manhajar tura aiki da suke kira Ɗan Aike: ka rubuta masa layi ɗaya, ka faɗa masa injin da zai je, shi kuma ya ruga ya aiwatar, ba tambaya, ba musu.

Ta buɗe shafin rumbu. Dogo bai yi ƙarya ba. Duk ƙiftawar ido lambar sai ta ragu.

"Me ka aika yau?" ta tambaya, wayar na kan benci a buɗe.

"Ba komai, Anti. Shara kawai, kamar kowane farkon mako. Kuma a injin gwaji, na rantse. Sau biyu na karanta layin kafin in danna."

Shara ɗan aiki ne da ita da kanta ta rubuta. Yakan bi rumbun injin gwaji ya kwashe hotunan bogi da suka tara a mako, don wuri ya samu. Ta duba abin da Ɗan Aike ya kai. Gaskiyar Dogo, injin gwaji ya aika. To me ya kawo Shara rumbun gaske?

Ta buɗe saitin injin gwajin, ta bi layukan da yatsa. Sai yatsan ya tsaya.

"Dogo."

"Na'am, Anti."

"Wa ya haɗa injin gwaji da rumbun gaske?"

Ta ji Dogo na danne-dannen kwamfuta ta cikin wayar.

"Innalillahi," in ji shi can ƙasa-ƙasa. "Ranar da muka nuna wa Likita mai asibitin sabon shafi ne, watan jiya. Ke kika ce ba ya son ganin hoton bogi, na gaske yake so."

"Na ce ka haɗa na yini ɗaya! Na ce ka bar shi har tashin duniya?"

"Satuttukan da suka wuce ai ba mu yi Shara ba, muna ta fama da sabon shafin, shi ya sa ban..."

"Riƙe bayaninka, zan karɓa anjima da kunnenka a hannuna."

Ta rubuta wa Ɗan Aike layi: je injin gwaji, ka tsayar da Shara. Ta danna. Allon ya rubuto cewa yana haɗawa. Yana haɗawa. Yana haɗawa. Ta dubi wayar, sandar sabis ɗaya ce tak, ita ma tana rawa. Rufin garejin kwano ne, ga bango ta ko'ina.

"Baba, don Allah tashi. Riƙe min wayar nan ka fita bakin ƙofa, ka ɗaga ta sama."

Baba ya miƙe da ƙyar yana dafa ƙugu. "Ni da na biya kuɗin makarantarki, yau na zama turken waya."

"Ƙara gaba, Baba. Dama kaɗan. Yawwa, nan! Kar ka motsa."

"In numfasa ko in dakata?"

Bakaniken ya fashe da dariya daga ƙarƙashin mota. Auta ba ta ko ji ba, don saƙon ya wuce. Ɗan Aike ya dawo da koren layi: an tsayar. Ta koma shafin rumbu. Lambar ta tsaya cak.

Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta jingina da benci, ba ta damu da man da ya shafi rigarta ba. "Ya tsaya, Dogo," ta ɗaga murya don ya ji ta wayar da ke hannun Baba.

"Alhamdulillahi! Anti, wallahi har na ɗauka..." Muryarsa ta katse. "Anti. Ya ci gaba."

Ta juyo da sauri. Lambar ta sake gangarawa, kamar ma ta fi ɗazu gudu.

Ta sake aika umarnin. Ya tsaya. Kafin ta gama haɗiye yawu ya sake tashi. Zufa ta karyo mata daga ƙarƙashin ɗankwali. Me ke tayar da abin da ta kashe?

Sai ta tuna. Maigadi. Wani ɗan aiki ne da ta dasa a injinan bara, bayan wata rana da aiki ya mutu a tsakiya ba wanda ya sani. Aikinsa ɗaya: duk aikin da ya faɗi bai gama ba, ya tashe shi ya ci gaba. Maigadi bai san Shara ɓarna yake yi ba. Shi dai ya ga ɗan'uwansa ya faɗi, ya kama hannunsa ya miƙar da shi. Kuma makullin da ke iya ba Maigadi umarni a kwamfutarta kaɗai yake, ko Dogo ba shi da shi.

Nan take kwamfutar ta yi wata 'yar ƙara. Caji ya yi ja.

"Malam, kana da wuta?"

"An ɗauke tun safe, Hajiya. Janareto kuma na ba maƙwabci aro."

Ba lokacin neman wuta. Ta rage hasken allo har da ƙyar take gani, ta shiga rubutu. A wannan karon umarni uku ta jera wa Ɗan Aike a saƙo ɗaya, don ba ta da tabbacin sabis zai ba ta dama ta biyu: ka kwantar da Maigadi, ka tsayar da Shara, ka yanke injin gwaji daga rumbun gaske. Ta karanta sunan injin da ƙarfi, kamar mai karanta wa kurma, sannan ta danna.

Daidai lokacin wayar ta hau ruri a hannun Baba.

"Uwata, ana kira. An rubuta Likita. In ɗauka?"

"Kar ka taɓa! In ka ɗauka data za ta yanke!"

"Mutum babba yana kira a ƙyale shi?"

"Baba, don girman Allah!"

Baba ya tsaya hannu a sama, wayar na ta kuka, masu wucewa a titi na kallonsa. Wata mata mai jan yaro har ta tsaya ta ɗaga kai ta ga me tsohon ke nuna wa sama. A allon, layin farko ya koma kore. Na biyu ya yi jinkiri, ya yi jinkiri, sannan shi ma ya koma. Na uku ya biyo baya.

Auta ta zuba wa lambar ido. Ba ta motsa ba. Ta jira. Ta ƙara jira, har ta tabbata ko Maigadi na da rai bakwai da yanzu ya tashi. Lambar na nan inda take.

"Dogo, me kake gani?"

"Tsit, Anti. Ko motsi."

Auta ta nufi ƙofa. Ta karɓi wayar daga hannun Baba, ta tsaya a bakin ƙofar ta kira Likita, mai asibitin, mutumin da ba ya ɗaga murya, wanda kuma hakan ya sa ake tsoronsa.

"Injiniya," in ji shi, "ina da mara lafiya da za a shiga da ita tiyata da rana. Likitan fiɗa na son hoton cikinta na bara ya gwada da na yau, ya ga ko ƙarin da ya fito mata ya girma. Na yau yana nan. Na bara babu. Me zan ce masa?"

Na yau yana nan. Kalmomin suka sauka a zuciyarta kamar ruwan sanyi. Shara daga tsofaffi yake fara ci, haka ta rubuta shi. Ɗan Aike kuwa kullum da asuba yakan kwafe rumbun gaba ɗaya ya ajiye a wani wuri dabam. Duk abin da Shara ya cinye tsoho ne, yana cikin kwafin asuba. Sababbin da ba su shiga kwafi ba, bai kai kansu ba.

"Ranka ya daɗe, ka ce masa ya wanke hannu. Turo min lambar fayil ɗinta."

Mayar da rumbun duka zai kai yamma, matar kuma ba za ta jira yamma ba. Lambar fayil ɗin na shigowa, Auta ta koma benci, Baba ya koma matsayinsa na turke ba tare da an roƙe shi ba. Ta aika Ɗan Aike ya fara zaro fayil ɗin matar shi kaɗai daga kwafi, ya mayar, sannan ya bi sauran a hankali. Koren layi ya fito. Ta ga lambar rumbu ta ƙaru da kaɗan, sannan ta fara hawa. Allon ya yi duhu. Caji ya ƙare.

Ba komai. Aikin yanzu a can yake gudana, ba ya bukatarta.

Saƙon Likita ya shigo: hoton ya buɗe. Ko na gode babu, amma a wurin Likita wannan kirari ne.

Auta ta zube a kan tayar da Baba ya zauna ɗazu, ta rufe fuska da tafuka, sai ga dariya ta ƙwace mata, har da hawaye.

"An gama?" in ji Baba yana murza kafaɗa.

"An gama, Baba."

"To ni dai ban ga abin da kika yi ba. Kin yi ta dukan allo, ni na yi aikin ƙarfi. A rubuta sunana cikin ma'aikata."

"Alhaji, in ana ɗauka ni ma a sa ni," in ji bakaniken, ya fito yana goge hannu. "Bencina aka yi aikin a kai."

Da la'asar motar ta tashi, tana tari amma tana tafiya. Baba ya sauke ta a ƙofar ginin da ofishinsu yake, hawa na biyu, saman wani shagon sayar da tabarau. Ta tarar da Dogo a tsaye a bayan kujerarsa, ya riƙe ta kamar garkuwa. Ya share ofis, ya goge teburinta, har ya sayo mata ruwan sanyi ya ajiye.

"Anti, duk sun dawo. Na gwada da kwafi, ko ɗaya bai ɓata ba."

"Zo nan."

"Daga nan ma ina ji."

"Ka yi sa'a na gaji. Gobe kafin ka zauna za ka sa wa Shara birki: in ya ga rumbun da ba nasa ba, ya ƙi motsi. Kuma kar in ji labarin nan a bakin uwarka kafin ni in kai mata."

"Wallahi gara ki kore ni da ki gaya wa Umma."

Ta cire takalmi, ta miƙe ƙafafu a ƙarƙashin tebur, ta kafa kai ta shanye ruwan. Ta taga tana jin hayaniyar masu komawa gida. Rabonta da jin daɗin zama a kujera irin na yau har ta manta.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Mai amsa waya ta riga ta tashi, don haka Dogo ne ya buɗe. Wata mata ce doguwa, da baƙar jaka a hammata, ba wanda ya santa a cikinsu. Ba ta amsa sannu da zuwan Dogo ba. Ta wuce shi kai tsaye zuwa teburin Auta.

"Ke ce mai riƙe wa asibitin can hotuna?"

"Ni ce. Bismillah, zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba." Ta fito da waya, ta ajiye a kan tebur, ta juya ta. Hoton ƙirjin mutum ne, ga suna da lambar fayil a kusurwa. "Wannan mijina ne. Ko 'yan'uwansa ba su san abin da ke damunsa ba. Makon jiya wani da ban sani ba ya turo min shi, ya ce yana da na mutane da yawa. Ni lauya ce. Ina so in ji ta ina ya fita."

Auta ta ɗago a hankali ta dubi Dogo. Injin gwaji ba shi da wani makulli na kirki, don ba a taɓa ajiye abin kirki a cikinsa ba. Kuma wata guda ya yi yana kallon rumbun gaske, duk wanda ya shige shi zai iya ɗibar hotuna.

Ta laluba da ƙafa ta mayar da takalminta.

"Dogo," ta ce, "jawo wa baƙuwa kujera. Ka miƙo min caja."