Ranar da Inna Ta Kwashe Layinsu

Da hantsi aka bugo waya cewa bututun iska mai guba ya tsage a kamfanin ƙanƙara. Kafin 'yan kwana-kwana su gama sa takunkumi, Auta, abokiyar aikinsu, ta tayar da jirginta marar matuƙi daga bayan motar aiki. Kyamarar jirgin tana ganin gubar da ido ba ya gani, ta nuna ta a kwamfuta kamar rawayan gajimare.

Gajimaren ya yi gabas, can kuma iska ta juya. Layin da ya nufa kuwa nan ne gidan mahaifiyarta.

"Oga, minti goma sha biyar ya rage wa layin bayan kamfani," ta faɗa a rediyon oba-oba.

"Mun aika mutum biyu, an ƙi fitowa," in ji shugaban 'yan kwana-kwana. "Wai su ba su ga hayaƙi ba."

Auta ta kira uwarta. "Inna, ki fita yanzu, ki yi filin makaranta. Guba ce tafe."

"Ke kika gani da idonki?"

"Ina kallonta, Inna."

"To, kashe wayar."

Ba a yi minti biyu ba Auta ta hango Inna a kwamfutar, tsakiyar layi, tana dukan murfin tukunya da ludayi. Ƙofofi suka fara buɗewa. Duk layin babu mai iya musu da Inna. Tela mai nauyin ji ma ta shiga shagonsa ta jawo shi, igiyar awo a wuya. Wata mai jego aka ɗora ta a baro, tana dariya.

Auta tana faɗa wa ma'aikata ta inda za su ɓullo wa bututun, iska tana busowa ta bayansu, har suka rufe shi. Kafin azahar launin rawayan ya ɓace ƙaf. Babu wanda ya yi ko tari.

Tana share zufa sai ga wayar Inna.

"Auta, jirgin nan naki yana sama har yanzu? Duba mini shanyata."

Ta karkato da jirgin ta leƙa tsakar gidan.

"Tana nan, Inna. Sai dai akuyar maƙwabta ta fara da zanenki mai shuɗi."

"Ba wa ogan naku waya," in ji Inna. "Ya buɗe mana hanya yanzun nan."