Ƙululu a Goshin Kaka Batulu

Ƙarar da abin ya yi a jikin turmi sai da ta tashi kajin gidan kaf. Kafin Kaka Batulu ta kauce, ya dawo ya same ta a goshi, sannan ya rabu biyu: rabi ya gangara ƙarƙashin rumbu, rabi ya faɗa kaskon ruwan kaji. Ta tsaya da guntun zare a yatsa tana waige-waige. Allah ya rufa asiri babu kowa, surukarta matar autanta ta tafi asibiti awon ciki, Fadila kuma tana lakol, wato makarantar boko.

Abin na Fadila ne, jikarta 'yar shekara tara. Wasu jajayen faifai ne biyu na ƙarfe, kowanne bai fi murfin gwangwanin tumatir ba, an haɗa su da ƙusa a tsakiya, a naɗa zare a jefa, ya sauka ya hau da kansa. Yo-yo ake ce masa. Ubanta ne ya aiko mata daga Aljeriya, inda ya shekara biyu bai zo gida ba, kuma yarinyar da shi take kwana a hannu. Duk garin Gazawa babu wanda ya kai Batulu zagin abin nan. Mazarin malalata take kiransa, yana ta juyi bai kaɗa zaren ko ɗinkin maɓalli ba. Ta rantse a gaban matan unguwa cewa hannunta ba zai taɓa shi ba. Gaskiyar magana kuwa, kwana arba'in ke nan tana satar kallonsa, yatsunta na ƙaiƙayi. Yau da aka manta shi a kan tabarma, ta ce bari dai ta ji nauyinsa.

Kunya ta kama ta, amma tsoro ya fi yawa. Ta san yadda fuskar Fadila za ta koma idan ta ga abin ubanta a fashe, kuma ba ta jin za ta iya kallon wannan fuskar. Ta tsinto faifan, ta ƙulle a bakin zane, ta ja ɗankwali har gira, ta nufi kasuwa.

Jaye mai gyaran rediyo da tocila ɗan kawunta ne, taubashinta, tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Ya juya faifan a hannu, ya leƙo ta saman tabarau.

"Wa ya yi wannan aika-aika?"

"Akuya ta taka shi."

"Akuya." Ya gyaɗa kai. "Ita ta hau goshinki kuma?"

"Ƙofa ce. Kai bawana, gyara za ka yi ko tambaya?"

"Ƙohwar gidanku ta zana ce, Batulu. Yaushe zana ta hwara hidda ƙulu?"

"In ba ka iyawa ka ba ni in tahi wajen masu aikin gaske."

Ya yi dariya har da tari, sannan ya kama aiki. Ƙusar tsakiya ta lanƙwashe, don haka ya zare ta da filaya, ya zazzage gwangwanin tarkacensa har ya samo wata daidai ita daga cikin wata matacciyar rediyo. Gefen da ya daki turmi ya loɓa ya yi kaifi, shi ne ma ya yanke zaren. Ya bubbuga shi da 'yar guduma a kan katako, ya goge da magagari, ya ɗaure faifan biyu, ya miƙa mata yana hura hanci.

Batulu ba ta biya shi da godiya ba. Ta ɗora abin a kan ƙusa, ta murza shi da yatsa biyu, ta kara farce a gefensa.

"Rawa yake."

"Ina rawa? Idonki ne ke rawa."

"Shekara talatin ina kaɗi, kai za ka gaya mini rawa? Wanga ɓarin ya hi nauyi. Kwance, ka ƙara goge nan."

Sau uku tana sa shi yana kwancewa, yana gunaguni yana gogewa. A na huɗu abin ya juya lif, farcenta bai ji komai ba. Jaye ya ajiye magagari, don ya san ta fi shi gaskiya.

Saura zare. Ya kawo na ɗinkin buhu, ya yi kauri. Ya kawo na tela, ya tsinke a jifan farko. Ya kawo na leda, abin ya sauka ya ƙi hawa. Rana ta kusa tsakiya, 'yan lakol sun kusa tashi.

"To, sai ki sa akuyar ta kaɗa miki," in ji shi.

Ta yi tsaki ta kwashi kayanta.

A gida ta jawo kujera ta hau, ta sauko da taskirar da ke rataye a saman ɗaki. Shekara goma sha ɗaya rabonta da buɗe ta, tun rasuwar Malam Labo, mijinta, masaƙin da take kaɗa wa zare. Da ya tafi, ta ce ba ta da wanda za ta kaɗa wa kuma. Mazarin yana nan da gululunsa, da guntun alli, da ragowar audugar da ta yi ja don tsufa. Ta zauna, ta shafa alli a yatsu, ta murza. Zaren farko ya tsinke, na biyu ma haka. A na uku hannun ya tuna aikinsa, mazari ya kama kukan nan nasa a cikin tasa, sai ga hawaye ya zubo mata. Ta share da gefen zane, ta ce hayaƙin maƙwabta ne, ko da yake babu mai tambayarta.

Ta kaɗa siriri, ta ninka biyu ta murɗe, ta auna daga ƙasa zuwa cibiyar yarinya, ta ɗaura. Ta gwada sau ɗaya don ta tabbatar, sannan ta gwada sau goma sha biyu. Sallamar Fadila ce ta sa ta wurga shi kan tabarma, ta rarumi tsintsiya.

Yarinyar ta ajiye jaka, ta ɗauki abinta ta jefa. Ya sauka ya hau tafin hannunta ba ko gargada. Ta sake jefawa. Sai ta tsaya ta duba zaren, ta shinshina shi, ta shafa inda jan fenti ya goge. Ta dubi turmi, ta dubi taskirar da aka manta a ƙofar ɗaki, ta dubi fararen yatsun da ke riƙe da tsintsiya.

"Kaka, mi ya samu goshinki?"

"Ƙofa."

"Sannu. Ƙohwar nan ba ta da kirki."

Har dare Batulu na jin ta tana ƙunshe dariya.

Washegari da safe Fadila ta rataya jakar lakol, ta kai bakin zaure, sai ta dawo. Ta ajiye yo-yo a kan tabarmar kakarta, daidai gefen carbi.

"Na manta shi yau ma," in ji ta.

"Ɗauke mini tarkacenki, ni ina ruwana da shi."

"To." Ta juya ta tafi abinta ba ta ɗauka ba. Sai da ta fita ta leƙo ta saman zana. "Kaka, ki matsa nesa da turmi."