Bulalar Wanda Ya Ci

Sun ce na daina karatu. Gaskiya ne, na daina, kuma da gangan na yi.

Ajinmu ɗaya da Yaya, domin ya maimaita shekara ni kuma an tsallakar da ni. Malamin lissafinmu, wanda muke kira Gajere a bayan idonsa, yana da wata doka: in ya yi tambaya wani ya faɗi, duk wanda ya ci shi zai karɓi bulala ya zane wanda ya faɗi. Wai hakan na sa gasa.

To wa ke faɗuwa kullum? Yaya. Wa ke ci? Ni. Mutumin da ke goya ni a keke zuwa makaranta, ya bar mini rabin kuɗin abincinsa na hutun tara, shi zan tsaya in daka a gaban 'yan aji suna sheƙa dariya. In na sassauta hannu, Gajere ya ce in sake. Har suna suka sa wa Yaya, wai Jakin Auta, tunda ni ce autar gidanmu. A hanyar gida taka keke kawai yake yi, ina kallon shatin bulalata a bayan wuyansa. Wallahi na tsani kaina.

Sai na kulle bakina. A tambaye ni, in ce ban sani ba. Takardar gwaji in miƙa ta fara fat. Gajere ya ce girman kai ne, Mama ta ce maƙiya ne suka sa mini hannu. Shugaban makaranta ya kira Baba, ya ce ko in buɗe baki ko a mayar da ni ajin baya.

Baba ya zo daga gareji da baƙin mai a hannunsa, ya tsaya bakin ƙofar aji don ya gani da idonsa. Gajere ya rubuta lissafi a allo, ya nuna Yaya. Yaya ya yi ta juya alli har ya karye. Sai aka nuna ni.

Yaya ya sunkuyo, murya ƙasa-ƙasa. "Amsa kawai, Auta. Bayana ya saba."

Wannan maganar ce ta ƙona mini rai fiye da komai. Na tashi na warware lissafin tsaf, na ja layi a ƙarƙashin amsa, don kowa ya san ba jahilci ke damuna ba. Gajere ya washe baki, ya miƙo mini bulala.

"Na ci," na ce, "amma ba zan dake shi ba. Yayana ne."

Gajere ya ce dokar aji ba ta san yaya da ƙanwa ba, kuma wanda ya ƙi doka ba shi da kujera a ajinsa. Na kalli Baba. Shi bai kalle ni ba, wuyan Yaya yake kallo, kamar yau ya fara ganinsa. Ban jira a kore ni ba. Na tattara littattafaina na wuce ajin baya da ƙafata, shekara guda ta tafi a banza, kuma ban yi kuka ba sai a banɗaki.

Washegari sabuwar malamata ta rubuta tambaya a allo, ta ce tana jin labarin ƙwaƙwalwata, in tashi in gwada. Na tashi, amma ban karɓi allin ba.

"Kafin in amsa, Malama, wa zan daka?"